Filin Lafiya: Me Ya Sa Jama'a Ke Toshe Kunne Idan Annoba Ta Zo?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato rashin yarda tsakanin jama'a da hukumomin lafiya a lokacin annoba. Mun miƙa su ga wani likitan lafiyar al'umma, da wata jami'ar rigakafi, da wani ma'aikacin jinya na sashen masu matsalar numfashi. Wasiƙun da suka yi tsawo mun taƙaita su.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a Gwale, Kano. Lokacin korona, har masu ilimi na ji suna cewa babu ita, wasu kuma su ce cutar manya ce. Har gobe akwai masu cewa kwangila ce kawai aka ci. Jahilci ne ya kawo haka, ko me?

AMSA: Malam, da jahilci ne da an huta, don wa'azi da rediyo sun isa su magance shi. Mu bi abin da idon talaka ya gani, daki-daki.

An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A wancan lokacin ɗakunan gwajin da za su iya gano ta ba su wuce biyar ba, a Legas da Abuja da Edo da Osun. Duk faɗin Arewa maso Yamma babu ko ɗaya. Wa ake yi wa gwajin? Wanda ya dawo daga waje, ko wanda ya yi hulɗa da shi. Saboda haka sunayen da aka fara ji na manya ne: gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, a ƙarshen Maris, sai shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Mai sayar da goro da ke tari a Kurna babu wanda ya gwada shi, to a takarda ba shi da korona. Wanda ya ce cutar manya ce, jerin sunayen da hukuma ta fitar ya karanta, kuma bai yi kuskuren karatu ba. Jerin ne bai cika ba.

Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare, ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, daidai lokacin da masu haƙa kabari suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka na kullum. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ko sun rage karɓar marasa lafiya, don ma'aikatansu ba su da kayan kariya. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga sai a yi ta yawo da shi a Adaidaita Sahu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Gwamnatin jiha da farko ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzabin cizon sauro. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, har mutum 43 a rana maimakon 11 da aka saba, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. A cikin adadin akwai wanda ya fi kowanne amsa tambayarka: kusan kashi 56 cikin 100 a gida suka cika. Mutumin da mahaifinsa ya rasu a ɗaki bayan asibiti uku sun mayar da su, da wuya ka zo masa da takunkumin fuska da sabulun wanke hannu ya saurare ka.

Ka ɗora dokar kulle a kai, wadda ta faɗo cikin azumi, kan mutanen da sai sun fita suke samun na buɗa-baki. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kullen a faɗin ƙasar jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe a hukumance zuwa lokacin. Sai kuma watan Oktoba, da jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa suka tarar da kayan tallafin korona jibge. Duk bayanin da aka yi daga baya na cewa ana jiran rabo ne, bai goge hoton buhunan daga idon kowa ba.

Cutar gaskiya ce, ta kuma kashe mutane a Kano. Amma a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, hukumar da ba a saba ganin ta ranar naƙuda ko ranar ƙarin jini ba, in ta bayyana rana ɗaya tana cewa don lafiyarku muka zo, dole a tambaye ta daga ina.

TAMBAYA: Uwa ce ni, 'ya'yana biyar, a Tudun Wadar Zariya. Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai: ɗigon shan-inna har ɗaki ake biyo mu da shi kyauta, sau nawa a shekara, amma yaro na kwance da zazzabi sai mun biya kuɗin kati da na magani. In ba da wata manufa ba, me ya sa?

AMSA: Hajiya, tambayarki na kan hanya, kuma duk ma'aikaciyar rigakafin da ta yi gida-gida ta sha jin ta. Amsar a wajen kuɗi take. Tun 1988 duniya ta ƙulla shirin kawar da shan-inna gaba ɗaya, kuma ƙungiyoyi irin su Rotary da Gidauniyar Gates da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suka zuba kuɗi da sharaɗin a kan wannan cuta kaɗai za a kashe su. Maganin zazzabi da albashin nas da gyaran asibitin unguwa kuwa daga kasafin gwamnati suke fitowa. A Abuja aka yi alƙawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayyar Najeriya ya fi yawan tsayawa a wajen kashi 4 zuwa 6. Aljihu ɗaya cike, ɗaya a huje, shi ne abin da kike gani a ƙofar gidanki.

Zargin kuma yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum dubu 11 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da aka ce a 2003 ɗigon shan-inna na hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 aka ci gaba, da ɗigon da aka sayo daga Indunusiya. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, amma cutar ta samu sarari: yaran da ta shanye a Najeriya sun haura dubu a 2006, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20.

Abin da ya juya lamarin abu biyu ne. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, maganar ta sauko ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ƙananan sansanonin lafiya da aka riƙa kafawa a unguwannin da ke ƙin rigakafi, musamman a Kano daga wajen 2013 da 2014. Tebur ne da benci a ƙofar gidan mai unguwa, da malamin asibiti, da akwatin magani: farasitamol, gishirin zawo, maganin tsutsar ciki, gwajin maleriya da maganinta, a auna wa tsohuwa hawan jini. Gidan da ya rufe ƙofa jiya sai ga shi ya turo yara da kansa. Ba a canza ɗigon ba, abin da ke tare da shi aka canza. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna.

Me ya sa har yanzu ake zuwa? Ɗigon ƙwayar cuta ce da aka raunana. Inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji ta bayan gida har ta sake ƙarfi. Maganin hakan shi ne kowane yaro ya samu, kuma yaron da ke yawan zawo ɗigo ɗaya ko biyu ba sa kama jikinsa sosai, shi ya sa ake maimaitawa.

Ki kuma sani akwai maganin zazzabin da ake kawowa gida kyauta: na rigakafin maleriyar damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne. Ranar farko a gaban ma'aikaciya ake ba yaro, sauran biyun a bar wa uwa. Inda ake samun matsala shi ne a ba da na ranar farko a ajiye sauran, ko a raba wa ƙannai. In an yi haka kariyar ba ta kai wata.

TAMBAYA: Ɗalibi ne ni a Sakkwato. An ce Najeriya ta burge duniya lokacin Ebola a 2014. To me ya hana a yi irin wannan da korona?

AMSA: Cututtukan biyu ba hali ɗaya gare su ba. Mai Ebola ba ya yaɗa ta sai alamu sun bayyana, kuma sai an taɓa jininsa ko amansa ko gawarsa. Korona ta iska take bi, wanda ma bai san yana ɗauke da ita ba yana rabawa.

Amma akwai darasi a yadda aka yi aikin. Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma cutar ta yi ajalinta. Aka kafa cibiyar gaggawa irin ta shan-inna, da ma'aikatan da suka saba bin gida-gida. Mutum 894 aka bi sawunsu, kowanne na kwana 21, ziyarar ido da ido kusan 18,500. Wanda aka sa wa ido ana zuwa masa kullum, a auna zafin jikinsa, in ya tashi mota ta zo ta ɗauke shi, ba ya biyan ko sisi. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce an gama. Ko a lokacin ma jita-jita ta yi aikinta, don a watan Agusta ne aka kwana ana wanka da ruwan gishiri ana sha, har aƙalla mutum biyu suka mutu.

Kwatanta da gabashin Kwango a 2018, inda yaƙi ya daɗe da rusa asibitoci. Binciken da aka yi a Beni da Butembo ya nuna mutum ɗaya cikin huɗu bai yarda akwai Ebola ba, ga ta kuwa tana kisa a unguwarsu.

TAMBAYA: Mahaifina ya haura 70, yana da ciwon suga. In irin wannan cuta ta numfashi ta dawo, yaushe ya wajaba in kai shi asibiti? Gaskiya tsoronmu kada a riƙe shi a killace, mu kasa ganin sa.

AMSA: Ɗan'uwa, tsoron nan ya kashe mutane da yawa, kuma yana da dalili. A watan Mayun 2020 waɗanda aka killace a Kwadon, jihar Gombe, sun fito kan titi suna zanga-zangar rashin kulawa, kowa ya gani a waya. Cibiyar da babu abinci a kan lokaci, babu likitan da ke leƙowa, babu hanyar magana da iyali, ita ke sa na gaba ya ɓoye ciwonsa. Duk da haka, akwai matakin da zaman gida ba ya da amfani, kuma ana iya gane shi da lissafi.

Ka sayi ƙaramar na'urar auna iskar jini, wadda ake maƙalawa a yatsa, manyan shagunan magani na sayarwa. Ya zauna ya huta minti biyar, hannu da ɗumi, farce babu jan farce ko baƙin lalle. Ka maƙala a yatsan tsakiya, ka jira lambar ta daina rawa. Daga 95 zuwa sama lafiya lau. In ta tsaya a 94 ko ƙasa, a nemi likita a ranar. Ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce, ko da yana hira yana cewa shi garau yake, don korona ta saba rage iskar jini ba tare da mutum ya ji shaƙewa ba. Ka kuma lura, na'urar kan ɗan ƙara maki a baƙar fata, saboda haka kada a tsaya jiran ta sauka sosai in jikinsa ya nuna wahala. In babu na'ura, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke kana kallon ƙirji. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi. Ya haura 30, ku tafi. Haka in ya rikice, ko ya kasa gama jimla sai ya tsaya ya ja iska, ko ya daina fitsari. Ga yara lissafin daban ne, a tafi asibiti in numfashin ya kai: 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5.

Kafin ku fita, ku bincika asibitin da ke da oksijin, don a nan aka fi yin asarar lokaci. Iri biyu ne. Akwai injin da ke tace iska, mai ba da lita 5 a minti, wasu 10. Shi ba ya ƙarewa, amma wuta na ɗaukewa ya tsaya, kuma ƙurar hunturu na toshe matatarsa in ba a wanke ta duk mako. Akwai kuma tukunya. Babbar tana ɗaukar kimanin lita 6,800. A lita 5 a minti za ta yi awa 22 da 'yan kai, a lita 15 kuwa awa bakwai da rabi ta ƙare. Don haka tambayar da za ka yi wa nas ita ce lita nawa aka sa masa, tukunya nawa ke ajiye, in wuta ta ɗauke da me za a ci gaba. Kada a shafa mai ko man shafawa a kan tukunyar, kada a kunna ashana ko turaren wuta kusa da ita.

Ka tafi da magungunan sugarsa da katinsa. Ka nemi sunan ma'aikacin da za ka riƙa kira da lokacin da za a riƙa ba ku bayani, ka bar masa waya da caja. Haƙƙinku ne, kuma asibitin da ya san aikinsa ba zai hana ba.

Gargaɗi ɗaya: maganin da ake kira dezametason. Binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna miligiram 6 a rana, har zuwa kwana 10, yana rage mutuwa ga waɗanda ke kan oksijin. Ga wanda bai kai nan ba babu amfanin da ya nuna, kuma yana harba suga sama. Mai ciwon suga kada ya karɓe shi a kemis.

TAMBAYA: Ina cikin masu wankan gawa a masallacinmu a Gusau. Mutane na gudun asibiti lokacin annoba don kada a hana su gawa. Shin dole ne a hana?

AMSA: Allah ya saka da alheri, Malam. Ya danganta da cutar, kuma rashin bambancewa ne ya jawo rigima a wurare da yawa.

A korona, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tun Maris 2020 ba ta hana wanka ko sallah ba. Mai wanka ya sa safar hannu da takunkumi da rigar leda, ya kare idonsa daga fantsama, kada a danna ƙirji da ƙarfi, dattawa da masu ciwo su bar wa matasa. Haɗarin ya fi yawa a cunkoson zaman makoki fiye da jikin mamacin. A amai da gudawa ana wanka, amma da ruwan kulorin mai ƙarfi wanda jami'in lafiya zai haɗa, a toshe kafofin jiki da auduga, kuma wanda ya yi wankan kada ya taɓa abincin jama'a a ranar. Ebola da zazzabin Lassa su ne gawa ke da haɗari ƙwarai, sai ƙwararru. Ko a nan, bayan tarzomar da aka sha a Gini da Saliyo, an gyara ƙa'idar a ƙarshen 2014 tare da malamai: a yi taimama maimakon wanka, a sa likkafani, iyali su ga fuska daga nesa, liman ya yi sallah, a san inda kabarin yake.

Don wanke makara da ƙasa da bokitai: bilicin kanti mai ƙarfin 3.5 cikin 100, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa. Na wanke hannu, ka ɗebi kofi ɗaya daga wannan haɗin ka zuba a kofi tara na ruwa. A haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa cikin roba mai murfi, don rana na kashe ƙarfinsa.

TAMBAYA: Mun ji an lalata allurar korona da ta lalace a Abuja. Ta yaya zan san wadda za a yi wa ɗana ba irinta ba ce? Daga wata mai jego a Bauchi.

AMSA: An yi haka, 'yar'uwa. Kashin farko na allurar, kusan miliyan huɗu, ya iso ranar 2 ga Maris 2021. Daga baya ƙasashe masu arziki, bayan sun gama tara nasu, suka riƙa turo ragowar da ya rage makonni kaɗan wa'adinsa ya cika. Ranar 22 ga Disambar 2021 hukumar lafiya a matakin farko, tare da NAFDAC, ta lalata sama da miliyan ɗaya a gaban 'yan jarida. A ganinmu wannan na cikin abubuwan da aka yi daidai, don an nuna wa kowa cewa wadda ta wuce wa'adi rami ta tafi.

Ga allurar yara, ki roƙi a nuna miki kwalbar, babu laifi a ciki. Ki duba wa'adi. Sannan ki duba wani ɗan da'ira a jikin takardar ko a murfi, da murabba'i a tsakiyarsa. In murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai taɓa ta ba. In launinsu ya zo ɗaya ko ya fi duhu, ba a amfani da ita ko da wa'adi bai cika ba. Ana ajiye allurai tsakanin digiri 2 da 8. Sanyi ma na ɓata wasu: ta cuta biyar da ake yi a sati 6 da 10 da 14 in ta daskare ta tashi aiki, shi ya sa ba a ɗora ta kai tsaye kan ƙanƙara. Ta ƙyanda da ta tarin fuka gari ne da ake damawa, awa shida bayan damawa sai zubarwa.

Wannan awa shidan ne ke jawo abin da ke ɓata wa iyaye rai. Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce, sai ma'aikaci ya ga yara biyu kaɗai ya ce a dawo wani satin don kada a yi asara. Uwar da ta biya kuɗin mota ta bar sana'arta sau biyu ba ta dawowa na uku. Ƙa'ida ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. In an ce ki dawo, ki tambayi ranar da aka tsayar, a rubuta miki a kati. Bayan allura ki zauna minti 15 zuwa 30. Ɗan zazzabi da kumburin wajen na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma suma ko shaƙewa ko kumburin fuska, a koma nan take.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake. Mu nan an ce maganin yara kyauta ne, amma sai ka je a rubuta maka takarda ka saya a waje.

AMSA: Tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na tiyatar haihuwa, kuma zuwa asibiti ya ƙaru sosai bayan haka. Tsarin shi ne likita, wato asibiti, ta yi aikin, gwamnati ta biya daga baya. Da biyan ya riƙa makara wata da watanni, sai kantin maganin likitar ya bushe, don da kuɗin ake sake saro magani. Kyautar da aka yi shela a rediyo aka kuma rasa a kantin magani ta fi rashin alƙawarin ciwo, kuma ma'aikacin da ke gabanka shi ke shan zagin bashin da ba shi ya ci ba. Ka tambayi kwamitin kula da likitar unguwarku wata nawa suke bin gwamnati, daga nan za ka san inda gizo ke saƙa.

TAMBAYA: Ni mai unguwa ne a wata ƙaramar hukuma a Jigawa. In annoba ta zo mu ake turawa mu shawo kan jama'a. Me za mu yi tun yanzu?

AMSA: Ranka ya daɗe, aikin yana asibitin mazaɓarku, kuma akwai kuɗin da doka ta ba ku damar bin sawunsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018. Manufar ita ce asibiti ɗaya a kowace mazaɓa ya riƙa samun kuɗi kai tsaye a asusunsa na banki duk wata uku, a shekarun farko kimanin naira dubu 300, don magani da ƙananan gyare-gyare da fita ƙauyuka. Wani kason kuma na biyan inshorar marasa ƙarfi: masu ciki, yara ƙanana, tsofaffi, masu nakasa. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hannu a tsara yadda za a kashe kuɗin. Inda abin ke lalacewa shi ne kwamitin ya zama suna a takarda, ko a cika jerin marasa ƙarfi da 'yan'uwan masu faɗa-a-ji.

Ka fara da sanin ko asibitinku na cikin waɗanda aka zaɓa, da ranar da kuɗi suka shiga na ƙarshe. Ka nemi a liƙa lissafin shiga da fita a bango, tare da jerin abin da yake kyauta da farashin wanda ba kyauta ba, da Hausa da ajami. Rabin zargin da ake yi wa malaman asibiti daga rashin wannan takarda yake. Sannan ka riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba, wani lokaci da dare. Akwai ungozoma bayan isha'i? Akwai ruwa da sabulu? Firjin rigakafi na aiki, kuma takardar da ke jikinsa an cike zafin safe da na yamma? Akwai safar hannu da takunkumi na aƙalla wata guda? Kada a manta da ma'aikatan kansu: lokacin da korona ta shigo, alawus ɗin haɗari na likita naira dubu 5 ne a wata, kuma a Yunin 2020 likitoci masu neman ƙwarewa sun tafi yajin aiki kan wannan da kayan kariya. Nas ɗin da ba ta da safar hannu za ta kori mai tari, ko ita wace ce.

Ka haɗa kai da limamai da ungozomomin gargajiya da wanzamai da masu kemis, don su ke fara ganin mara lafiya. Ku buɗe littafin haihuwa da mutuwa na unguwa, mai kula da maƙabarta ya riƙa kawo adadi duk Juma'a. Da ana yin haka a Kano, da tun makon farko an ga tashin. Littafin haihuwar kuma shi zai nuna maka yaran da ba su taɓa karɓar allura ko ɗaya ba, irin waɗanda mashaƙo ta fi yi wa ɓarna da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano na kan gaba.

In ka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya ko layi ɗaya da ciwo iri ɗaya cikin mako, ko mutuwar da ba a saba gani ba, ka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku, kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Ka karɓi lambarsa tun yau. In ba a same shi ba, layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na kyauta shi ne 6232. Ka rubuta ranar da ka kira da sunan wanda ya ɗauka, in kwana biyu suka wuce ba a zo ba ka kai wa hakimi da takardar a hannu.